Shin Awon Leza Zai Iya Ceton Badalar Kano?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai na'urar da ke auna tsofaffin gine-gine da hasken leza, ta adana siffarsu a kwamfuta. Ina zaune kusa da Ƙofar Na'isa, kuma kowace damina ina ganin yadda badala ke zaizayewa. Shin wannan na'ura za ta iya ceton ta?

Amsa: Malam, na'urar ba za ta hana ƙasa zubewa ba, amma za ta nuna mana ainihin abin da muke asara. Ana kafa ta a kan ƙafa uku irin na 'yan safiyo, tana juyawa tana harba haske, kuma duk inda hasken ya bugi bango ya dawo sai ta lissafa nisan wurin daga lokacin da ya ɗauka, tunda gudun haske sananne ne, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Da haka take tara miliyoyin ɗigo waɗanda idan aka haɗa su siffar ginin za ta fito, kuskuren awon bai wuce 'yan milimitoci ba. Da yake haske ba ya shan kwana, dole a riƙa matsar da ita daga zaure zuwa soro, sannan a ɗinke awon wuri guda.

An ga amfaninta lokacin da gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame a Faransa a 2019, domin masani Andrew Tallon ya riga ya auna ginin da ɗigo kimanin biliyan ɗaya. Mafi kusa da mu, masanan shirin Zamani na Jami'ar Kef Tawun sun auna babban masallacin Jenne a Mali, wanda shi ma ginin ƙasa ne.

A ganina, awo ɗaya ba zai wadatar da badalarmu ba. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, ba dutse ba ce, kowace shekara siffarta na sauyawa. Idan aka auna sashe ɗaya kafin saukar damina, aka sake auna shi da kaka, bambancin zai bayyana inda ruwa ke cin gindi da inda masu ɗibar ƙasa suka taɓa, sai a san inda za a fara kai yaɓe.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta gani. Fuskar bango kawai take ɗauka. Ba ta san yadda aka jera tubali ba, ba ta san inda azara ta ruɓe a cikin ɗaurin guga, wato rufin soro mai siffar baka, ba, balle yadda ake haɗa makuba, wato haɗin ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi don kare shi daga ruwa. Wannan ilimi yana hannun magina, kuma abin yana damuna cewa masu shi suna ƙarewa. Saboda haka duk wanda zai auna Gidan Makama ko wata ƙofa, ya nemi izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ya tafi da magini dattijo, ya rubuta bayaninsa a gefen awon, sannan a ajiye kwafin aikin a nan Kano.