Jiri da gudu a Jidda: garin gishiri zan saya ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Jidda nake aiki, kuma shekara uku ke nan ina fama da jiri, wani lokaci sai in ga ɗaki yana juyawa da ni. Duk da haka ina sassarfa a bakin teku bayan sallar asuba, har ina burin shiga gudun kilomita 21 na Riyad. Abokai sun ce in sayi garin gishiri da sukari na kantin magani in riƙa sha kullum, wasu kuma sun ce lemon ƙara kuzari. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da jirin bai zaunar da kai a ɗaki ba.

Kafin ka fitar da ko riyal ɗaya a kan garin nan, sai ka san sunan jirinka, domin garin da abokanka suke yabo yana iya zame maka cuta. Akwai jirin da ke tasowa idan wasu 'yan ƙananan duwatsu na cikin kunne suka bar mazauninsu. Shi wannan yana zuwa ne idan ka juya a kan gado ko ka ɗaga kai sama, bai cika wuce minti ɗaya ba, kuma likita yana iya mayar da duwatsun ta hanyar juya kai da ake kira dabarar Epley. Akwai kuma cutar Meniya, wadda ruwa ke taruwa a can cikin kunne. Jirinta yakan ɗauki daga minti 20 zuwa sa'o'i, da ƙara a kunne da raguwar ji. Masu ita akan ce su rage gishiri, kada sinadarin sodiyam ya wuce miligiram 2,000 a yini. To lita ɗaya ta ruwan gishiri da sukari, irin haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, tana ɗauke da kusan miligiram 1,700. Don mai zawo aka yi shi. Ka ga idan Meniya ce da kai, gora ɗaya ta kusa cinye rabonka na yini tun ba ka karya kumallo ba. In kuma an ɗora ka a kan maganin sa fitsari, lissafin ruwanka ya sake canzawa. Don Allah ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ka gaya masa awa nawa kake gudu, shi zai yanke maka adadin gishirin.

Abin da zan ce ka saya yau gora ce mai bututun zuƙa, ko 'yar jakar goyo mai tiyo da ke sauka ta kafaɗa zuwa baki. Ka lura da mai gudu idan zai sha daga robar ruwa: sai ya ɗage haɓa, ƙeya ta koma baya, ido yana kallon sama, ƙafa kuwa ba ta tsaya ba. Wannan ɗage kan shi ne yake tayar da jirin duwatsun kunne, ga tayil ɗin bakin teku da raɓa ta jiƙa. Da bututu kana kurɓa kanka a miƙe, idonka a kan hanya.

Na biyu sikelin awon nauyi. Iskar Jidda cike take da danshi, gumi ba ya bushewa, sai dai ya yi ta tsiyaya, har mutum ya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa guda. Ka hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa da ka dawo. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Kada ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 75. Idan kuwa ka dawo ka fi yadda ka fita nauyi, ka sha ya yi yawa, kuma hakan yana tsinka gishirin jini ya kawo jiri da amai da rikicewa. Yawancin masu gudu mililita 400 zuwa 800 a awa kan ishe su, kurɓi kaɗan-kaɗan. Gudun da bai kai awa ɗaya ba, ruwa zalla ya wadatar.

Lemon ƙara kuzari ka bar shi a kanti. Kafeyin ne da sukari, kuma tun 2017 Saudiyya ta ɗora masa harajin kashi 100 cikin 100.

Jirin da ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ko ciwon ƙirji, ba na ƙishirwa ba ne. A kira 997, lambar motar asibiti, nan take.

Tambaya: Mahaifiyata mai jiri ce, za ta zo Umara wajenmu a Makka. Me zan tanadar mata?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo ta lafiya. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi kuma kewaye ne. Ki saya mata ƙaramar gora mai bututu ki riƙa cika ta da zamzam, ta sha a zaune, ta kuma miƙe a hankali. Ku fita da dare ko bayan asuba. Wasu magungunan jiri suna sa barci da bushewar baki, ki tambayi likitanta lokacin shansu. Idan ƙafa ta ƙi, ki kama mata keken guragu ko motar lantarki ta cikin Harami, Umararta tana nan cikakkiya in sha Allah.