Tambaya da Amsa kan Kwamfuta: "Na kunna kota, tsohuwar saba ta ƙi rubutu a faifai"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon tambayoyi uku muka zaɓo kuma duk a waje ɗaya suka haɗu, wato maganar kota a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda Ubuntu ɗaya ne daga cikin ire-irenta. Ga wanda bai saba da kalmar ba, kota ita ce iyakar wurin ajiya da mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da jama'a suke ajiya a kanta, yake yanka wa kowane mutum ko kowace folda, don kar mutum ɗaya ya cika faifai da bidiyon biki ya bar sauran jama'a suna kallon juna. Akwai iyaka mai sassauci, in ka wuce ta a ba ka wa'adi, yawanci kwana 7, ka rage kaya, akwai kuma mai tsauri wadda in ka kai ta shi ke nan ko harafi ɗaya ba za ka ƙara ba.

Tambaya ta farko, daga wani mai karatu a Kano

Malam barka da aiki. Ina kula da kwamfutocin wani ɗakin tace bidiyo, muna da faifai guda na ext4 da aka yi wa fomat tun a tsohuwar sabarmu mai Ubuntu 14.04, kwanaki na ciro shi na sa a sabuwar kwamfuta mai Ubuntu 22.04 na buga tune2fs -O quota,project saboda ina so kowane aiki ya samu iyakarsa, komai ya tafi daidai sai rannan wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙona mana sabuwar, na mayar da faifan tsohuwar saba sai ta ƙi ɗora shi, in na sa -o ro yana buɗewa ina ganin komai amma rubutu sam, a dmesg kuma ta rubuta "couldn't mount RDWR because of unsupported optional features (2000)". Oga ya sa ni a gaba wai na lalata aikin mutane. Don Allah faifan ya mutu ne?

Amsa

Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, kuma ka je ka faɗa wa oga faifan nan lafiyarsa ƙalau, tsohuwar sabar ma kirki ta yi maka da ta ƙi.

Ga yadda abin yake. A farkon kowane faifan ext2, ext3 ko ext4, wato tsare-tsaren da Linux yake jera fayiloli a faifai da su, akwai wani ɗan waje da ake kira superblock, kamar bangon littafi ne, a nan ake rubuta irin tsarin da aka bi a ciki. Jerin alamomi uku ne a wurin. Na farko compat, ma'ana tsohon kanel, wato zuciyar Linux mai hulɗa da faifai, ko bai san abin ba ya karanta ya rubuta ba komai. Na biyu ro_compat, ya karanta amma kar ya kuskura ya rubuta. Na uku incompat, wanda bai san shi ba kar ma ya buɗe. Alamar quota da ta project, wato kotar aiki, duk a jeri na biyu suke, lambar 2000 ɗin nan da ka gani ita ce ta project, da ta quota ce ta hana da 100 za ka gani. Kanel ya fara gane quota irin wannan a Linux 3.6 a 2012, project kuwa sai a 4.5 a 2016, kai kuma Ubuntu 14.04 da 3.13 ya zo. To ka ga ya san ɗaya bai san ɗaya ba.

Me ya sa ake barinsa ya karanta amma a hana shi rubutu? Ka ɗauka mai shagon hatsi ne ya buɗe sabon littafi, kowane buhu da ya shigo ko ya fita sai an rubuta na wane dila ne. Sai ya yi tafiya ya bar yaron shago wanda bai san da littafin ba. In yaron nan leƙawa kawai zai yi ya ƙirga buhuna ba matsala, amma in ya fara sayarwa yana karɓar kaya ba ya rubutawa, ranar da maigida ya dawo littafi zai ce buhu 40 sito ya ce 25, kuma mafi muni maigidan bai san an taɓa ba balle ya sake ƙirge. Haka kanel 3.13 zai yi, ya ƙirƙiri fayil ba tare da lambar aiki ba, ya goge wani bai rage lissafi ba, sabon kanel ya dawo ya yarda da lissafin ƙarya.

A tsohon salo ai haka ake fama. Lissafin kota a fayil na fili yake zama, aquota.user da aquota.group a tushen faifai, faifan kansa bai san da zamansu ba, duk wanda ya ɗora shi ba tare da kunna kota ba sai ya yi ta rubutu abinsa, daga baya dole ka kira quotacheck ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya ya sake ƙirga, a babban faifai kuwa sai ka sha shayi ka yi sallah ka dawo bai gama ba. Sabon salon ya ɓoye lissafin a cikin faifan, a inode, wato gurbin bayanin fayil, na 3 na masu amfani, na 4 na rukuni, e2fsck, manhajar duba lafiyar faifai, ne ma yake duba shi tare da sauran kayan cikin faifai. Kuɗin da aka biya shi ne wannan alama da ta tare ka.

Mafita. Tunda yana buɗewa da -o ro, fara kwashe aikin da ya fi muhimmanci zuwa wani faifai, wannan ba na wasa ba ne. Sannan ka samu filasha mai sabon Ubuntu ka tayar da tsohuwar sabar da ita ba sai ka girka ba, ka tabbata faifan ba a ɗore yake ba, ka buga e2fsck -f a kansa, sai tune2fs -Q ^prjquota sannan tune2fs -O ^project. Ka duba da dumpe2fs -h, a layin Filesystem features kalmar project ta ɓace. Ka cire filasha ka tayar da tsohon Ubuntun, zai ɗora shi har da rubutu.

Abu biyu kar ka yi. Kar ka gwada gyara da e2fsck na 14.04, shi ma bai san alamar ba, cewa zai yi ka nemo sabo. Kuma in wani gwani ya ce ka shiga debugfs ka goge alamar da hannu, ka ce masa ka gode, goge alama ba ya goge abin da alamar take karewa. Ni da ni ne ma da ba zan cire project ɗin ba, Ubuntun sabar zan sabunta, Ubuntu 14.04 tun Afrilun 2019 tallafinsa na kyauta ya ƙare, amma na san halin, wani lokacin akwai tsohuwar manhaja da ba ta tashi sai a can kuma oga ba zai saki kuɗi ba.

Tambaya ta biyu, daga wata malama mai kula da ɗakin kwamfuta a wata makaranta a Zariya

Malam ina wuni. Mun ƙara girman ajiyarmu, na so in ba wani sashe iyakar terabait 5 da setquota sai ya ce "Numerical result out of range", in na sa terabait 3 yana karɓa. Fayilolin kotar tun wanda na gada ne ya kafa su shekaru da yawa, ban taɓa su ba.

Amsa

Malama lafiya lau, kuma lissafinki daidai ne, fayil ɗin ne ya tsufa. Tsarin fayil ɗin kota a Linux kala uku ne. Akwai vfsold, mai suna quota.user, kakan kowa. Akwai vfsv0 mai suna aquota.user. Sai vfsv1 da ya shigo a kanel 2.6.33 a 2010, shi ma abin haushi sunansa aquota.user, shi ya sa ido ba ya bambanta su. A vfsv0 gurbin da ake rubuta iyaka bit 32 ne kuma da kilobait ake ƙirgawa, in kika lissafa zai tsaya a terabait 4 cif, naki 5 ba inda zai zauna. A vfsv1 an faɗaɗa gurbin zuwa bit 64, bayanin kowane mutum ya tashi daga bait 48 zuwa 72.

Abin da ya burge ni a nan, ba su taɓa tsohon tsarin ba. Lambar shaida da ke kan fayil ɗin iri ɗaya ce, lambar zubi kawai aka canza daga 0 zuwa 1, sabon kanel ya duba ya san da wanne yake magana ya bi da kowanne yadda yake, tsoho kuma ya ga 1 ya ce ban san wannan ba ya ja baya maimakon ya karanta bait 72 a matsayin 48 ya haɗa iyakar wani da lissafin wani. Shi ya sa fayil ɗin da magabacinki ya kafa yake ta aiki har yau ba wanda ya ce masa kanzil, sai da kika zo da terabait 5.

Ki yi a lokacin da ɗalibai ba sa kai. Ki fara adana abin da repquota -a ya nuna a wani fayil daban, ki kashe da quotaoff, ki matsar da tsofaffin aquota ɗin gefe kar ki goge, sai quotacheck -cug -F vfsv1 a kan faifan. A kula sosai, wannan -c ɗin ba ya karanta tsohon fayil, zai ƙirga abin da kowa ya ajiye amma iyakokin da aka sa wa mutane duk za su koma sifili, sifili kuma a harkar kota yana nufin ba iyaka. Na taɓa yin wannan gangancin a wani wurin aiki ban adana komai ba, kwana biyu ina bin tsofaffin takardu ina tambayar mutane nawa aka ba ka, kowa kuwa sai ya faɗi abin da ya fi nasa. Da setquota -b za ki iya mayar da su gaba ɗaya daga fayil, layi ɗaya mutum ɗaya. In a fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa kwamfuta yadda za ta ɗora faifai, akwai jqfmt=vfsv0 ki mayar da shi vfsv1, sannan quotaon.

Tambaya ta uku, daga wani mai karatu a Maraɗi

Malam, faifai mai tsarin XFS ne da ni, na sa gquota da prjquota, wato kotar rukuni da ta aiki, tare a fstab ya ƙi ɗorawa wai superblock ba ya ɗaukar biyun tare, alhali a wata sabar tawa suna aiki tare lafiya. Sannan na ga ana maganar bigtime, in kunna?

Amsa

Ɗan'uwa buga xfs_info a kan duka biyun ka dubi crc. Wadda take aiki za ka ga crc=1, wato tsari na 5, mai ƙin kuma crc=0, tsari na 4. A tsari na 4 gurbi biyu kawai aka tanada a superblock, ɗaya na masu amfani ɗaya na rukuni, da kotar aiki ta zo daga baya sai aka ce ta yi aron gurbin rukuni don kar a canza fasalin faifai a bar tsofaffin injuna a baya. Ɗaki ɗaya ne mutum biyu, in wannan yana ciki wancan sai ya jira a waje. Sai a tsari na 5 aka gina mata nata. Kuma ba kwamandar da take mayar da 4 ya zama 5 a inda yake, sai ka kwashe da xfsdump, ka yi sabon fomat, ka mayar da xfsrestore. Gara ka fara shiri, don masu kula da XFS sun riga sun sanar cewa a 2030 za su cire tsari na 4 daga kanel gaba ɗaya.

Bigtime kuwa, wato sabon salon rubuta kwanan wata a XFS, a Linux 5.10 ya shigo, ƙarshen 2020, aikin Darrick Wong ne, mai kula da XFS a lokacin. Agogon fayiloli na tsohon tsari a Janairun 2038 yake ƙarewa, bigtime ya kai shi 2486. Ya taɓa kota ma, don wa'adin kwana 7 ɗin nan a faifai ake rubuta ranar cikarsa, a gurbi mai bit 32. Maimakon su faɗaɗa gurbin su rushe jerin komai, sai suka bar shi yadda yake suka canza ma'auni, da ana ƙirga daƙiƙa ɗai-ɗai yanzu huɗu-huɗu, kamar ka bar kwanon awo ɗaya amma ka ce daga yau kowane kwano mudu huɗu yake wakilta. Wa zai damu in wa'adin mako guda ya goce da daƙiƙa uku? Kowane bayanin kota kuma yana ɗauke da 'yar alamarsa mai nuna da wane ma'auni aka rubuta shi, tsofaffi suna nan har sai an taɓa su sannan su koma sabo.

Amma shi bigtime a jerin incompat yake, ba irin na mai tambaya ta farko ba ne da aka bar shi ya leƙa, kanel da ya girmi 5.10 ko buɗewa ba zai yi ba sai dai in masu rarraba shi sun dawo masa da gyaran, kuma xfs_admin -O bigtime=1 ba shi da ribas. A faifanka mai crc=0 ma ba zai kunnu ba sam. A ɗayan, kafin ka buga, ka bi duk injin da wataƙila wata rana zai karɓi faifan nan ka buga uname -r ka ga lambar kanel ɗinsa, har da tsohuwar filashar ceto da ke cikin durowa wadda ba ka tuna ta sai ranar da saba ta ƙi tashi.