Shin Zach Wilson zai iya farfaɗowa?

Tambaya: New York Jets ta ɗauki Zach Wilson a matsayi na biyu a zaɓen sabbin 'yan wasan NFL (babbar gasar ƙwallon Amurka, wato American football) na 2021, ya gaza, aka tura shi Denver a 2024. Matashin kwatabak (ɗan wasan da ke jagorantar hari, yana jefa wa abokansa ƙwallo) irinsa yana iya dawowa?

Amsa: Yana iya dawowa, amma sai an gano inda ciwon yake.

An sha gani. Sam Darnold, wanda Jets ta ɗauka na uku a 2018, ya zauna benci a San Francisco a 2023 ƙarƙashin koci Kyle Shanahan. Shekara ta zagayo, ya jefa tacidawun (jifar da abokin wasa ya kama ya kai ƙarshen fili aka ci maki) 35 a Minnesota, suka ci wasa 14 cikin 17. Baker Mayfield ma ya bi ta Cleveland, Carolina da Rams kafin ya samu gindin zama a Tampa Bay.

Abin da koci ke iya gyarawa shi ne ƙafa da tsari. Ana sake koya wa yaro takun baya, uku ko biyar, yadda ƙafar ƙarshe na sauka ƙwallo na fita. A ba shi wasan yaudara, ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, masu tsaron tsakiya su matso, fili ya buɗe a bayansu. A rage masa inda zai nemi wanda zai jefa wa zuwa rabin fili, mutum biyu kawai zai duba. Sai kuma 'yan layin gaba biyar masu iya tare masa hanya.

Mai wuyar shi ne saurin yanke hukunci. Kwatabak yana da kamar daƙiƙa biyu da rabi. Wanda ya saba riƙe ƙwallo fiye da haka, ko dai a kayar da shi, ko ya jefa a makare abokan hamayya su cafe. Nan matsalar Wilson take: ƙarfin hannu yana da shi, amma a shekara uku a Jets ya jefa tacidawun 23, aka cafe masa 25, kuma jifa na kusa, mafi sauƙi, yakan kuɓuce masa.

A ganinmu, damarsa ba ta kai ta Darnold ba. Hanyarsa ita ce kwantiragin shekara ɗaya a benci wurin kocin da ya ƙware kan kwatabak, ya nuna a wasannin share fage na Agusta cewa ƙwallo na barin hannunsa a kan lokaci.