Tambaya da Amsa: Nabi, mawaƙin Turkawa mai suna mai rikitarwa

Tambaya: Malam, na ci karo da sunan wani mawaƙin Turkiyya wai shi Nabi, an ce ya yi begen Manzon Allah (SAW). Ta yaya Musulmi zai kira kansa Nabi? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, boko ne ya rikita ka. A rubutun Larabci sunan yana da alifi bayan nun, wato Naabii, shi kuwa "nabiyyu" na Larabci ba shi da wannan alifin. Laƙabin waƙa ne, an haɗa shi daga "na" da "bi" na Farisanci, dukkansu kalmomin korewa. Sunansa na yanka Yusuf.

An haife shi a Urfa, wani gari a Turkiyya ta yau, a 1642, ya tafi Istanbul yana saurayi, ya zama magatakardan wani babban jami'in Daular Usmaniyya, Musahib Mustafa Fasha. Ya tashi zuwa Hajji a 1678, ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Tuhfatul Haramaini. Begen da ka ji labari gargaɗi ne ga mai shiga Madina da ya kiyaye ladabi. Turkawa kan ce wani babba ne a ayarin ya yi barci ya miƙe ƙafa wajen birnin, shi ya sa Nabi ya yi baitocin. Hikaya ce, ka ɗauke ta a haka.

Da ubangidansa ya rasu sai ya koma Halab, a Siriya ta yau, ya shekara ashirin da ɗoriya. Babban waziri Baltaji Mehmed Fasha ne ya dawo da shi Istanbul a 1710, ya rasu a 1712.

Tambaya: Ina koyar da adabi a wata sakandare a Kawo. Me ya sa ba a cika jin waƙoƙinsa ba, kuma ta ina zan fara? Daga wata malama.

Amsa: Malama, begen nan guda ya danne sauran aikinsa. Sannan a 1928 Turkiyya ta bar haruffan Larabci ta koma na boko, daga baya aka yi ta tsince kalmomin Larabci da Farisanci daga harshen. Yau ɗan Istanbul sai da ƙamus yake karanta Nabi, kamar ɗalibinki ne aka miƙa masa tsohon ajami daga Arewa House.

Fara da Hairiyya, nasihar da ya rubuta wa ɗansa Abulhairi a 1701, baiti sama da 1,600. A ganinmu nan gwanintarsa take, ba a waƙoƙin soyayya ba. Ya yi maganar salla da azumi da neman ilimi, ya kuma caccaki alƙalai masu cin hanci da manyan jami'ai masu laƙabin Fasha da ke tatsar talakawa. Wanda ya saba da waƙoƙin wa'azi na Sakkwato zai gane hanyar nan take.

Ƙwar biyu ce, amma kowane baiti da nasa amsa-amon, kada ki nemi harafi ɗaya ya ratsa waƙar duka yadda muka saba. Karinta Ramal ne na aruli. Inda ake yin tuntuɓe shi ne bugun boko da ba ya nuna dogon wasali: ki gajarta gaɓa ɗaya, karin ya karye. Nemi bugun da ke da 'yar alama a kan â, î, û, ki karanta da ƙarfi kina ƙirga gaɓoɓi, galibi goma ko goma sha ɗaya a kowane ɗango.