Ya janye ƙara, wa zai biya ni kuɗin mota da cinikin da na rasa?

Sannu ɗan'uwa. Ka ce wani ya kai ka kotun ƙananan basussuka, ka rufe rumfarka ta albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas har sau uku, sai ya janye ƙarar. Wannan kotu da aka buɗe a Legas a 2018 tana ƙarƙashin majistare, kuma alƙali na da ikon ɗora wa mai janyewa kuɗin ɗawainiya. Amma sai ka nema da bakinka, ranar da ake janyewar. In ka yi shiru aka rufe fayil, komawa da wuya.

Kuɗin mota, hoton takardu, abin da ka biya a rajista, kawo rasit. Ribar da ta wuce ka kuwa, a nan gizo ke saƙar. Kotu ba ta karɓar "da na sayar da buhu goma". Littafin cinikinka za ta duba, ko alat na banki, kuma ko da su ma kada ka sa rai sosai.

Ni da ya faru da ni, abin da aka ba ni bai kai kuɗin danfo, wato motar haya ta Legas, ba. Ka tambayi rajistara: soke ƙarar aka yi ko kora? In sokewa ce, mutumin na iya dawowa.