Kun Tambaya, Mun Amsa: Saki, Riƙon Yara da Rigimar Haya a Kotunan Saudiyya

Tambaya: Mijina ya sake ni da baki yau wata 14, ya ƙi zuwa a rubuta. Yara uku suna hannuna, babban yana da shekara 15, ko halala (kwabon Saudiyya) bai taɓa aikowa ba. Yanzu yana cewa zai karɓe su. Ina da iƙama (takardar izinin zama). Ta ina zan fara? Wata 'yar'uwa daga Shara Mansur, Makka.

Amsa: Allah Ya kawo mafita, Hajiya. Ki fara da tabbatar da sakin, domin muddin babu takarda, a wurin hukuma ke matarsa ce. Dokar zamantakewar iyali ta 2022 ta ɗora wa miji rubuta saki cikin kwana 15 daga ranar da auren ya yanke. Tunda ya ƙi, ki shiga Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a, da lambar iƙamarki ki shigar da ƙarar tabbatar da saki a kotun iyali. Ki tanadi shaidu, kuma kada ki goge saƙonnin WhatsApp da muryoyin da ya ambaci sakin, don dokar shaida ta yarda da hujjar waya. Za a fara tura ku sulhu ta Taradhi, dandalin sulhu na ma'aikatar. Kada ki raina wannan zama: abin da kuka sa wa hannu a can yana da ƙarfin hukunci, sai ki karanta kowane layi, ko ki nemi tafinta.

Batun ciyarwa ne ya fi gaggawa. Kotu ba ta sauraron kuɗin ciyar da yara na baya da ya wuce shekara ɗaya kafin ranar shigar da ƙara. Wata biyu ya riga ya tafi, kuma duk watan da kika ƙara kina jiran dattawan unguwa su lallashe shi, wani watan ne ya zube. Ki tara rasit na haya, makaranta da asibiti. Alƙali yana duba ƙarfin uba ne, saboda haka duk abin da zai nuna albashinsa ko sana'arsa zai taimaka. Ba a biyan kuɗin ƙara a kotun iyali.

Riƙon yara kuwa, doka ta sa uwa a gaba, sai uba, sai kakar wajen uwa, sai kakar wajen uba, amma alƙali yana iya sauyawa idan maslahar yaro ta buƙata. Babban da ya cika 15 yana da zaɓin wurin zama. Wurare biyu ne mata suka fi zamewa: sabon aure da wanda ba muharramin yaran ba, wanda zai buɗe wa uba ƙofar neman su, da tafiya gida. Ba za ki fita da su daga Saudiyya fiye da kwana 90 a shekara ba sai da yardar uban. Idan hutun Kano ko Maraɗi zai yi tsawo, ki karɓi yardarsa a rubuce.

Tambaya: An yanke mini hukuncin biyan riyal 38,000 ga abokin ciniki. Zan iya ɗaukaka ƙara? Wani ɗan kasuwa daga Jidda.

Amsa: A'a, Alhaji. Ƙarar kuɗi da ba ta wuce riyal 50,000 ba ana ɗaukarta ƙarama, hukuncinta yankakke ne. Wanda tasa ta haura haka yana da kwana 30, a shari'ar gaggawa kuma kwana 10. Abin da ya rage maka shi ne roƙon a sake duba hukunci, kuma ƙofa ce ƙunci: dalilai ƙalilan ne doka ta yarda da su, kamar in an gina shi a kan takardar jabu, ko ka samu wata hujja yankakkiya da ba ta hannunka a lokacin shari'a. Idan takardar kotun zartarwa ta iso, kwana 5 ke gare ka ka biya, bayan su sai hana fita ƙasa da taɓa asusun banki. Gara ka nemi mutumin ku daidaita biya kashi-kashi tun yanzu.

Tambaya: Mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗi ana tsakiyar shekara, ya ce in ban biya ba in tashi. Takardar hannu kawai muka rubuta. Wani ɗalibi daga Madina.

Amsa: Malam, matsalarka tana cikin jimlarka ta ƙarshe. Yarjejeniyar haya da ba a yi wa rajista a Ejar (dandalin gwamnati na rajistar haya) ba, ba ta da ƙarfi a gaban kotu. Ka matsa a yi rajistar ta hannun dillali mai lasisi, a rubuta kuɗin da kuka fara yarda da shi, ka riƙa biya ta Ejar, ka daina miƙa tsaba a hannu. Da zarar an yi, mai gidan ba shi da ikon ƙari sai wa'adi ya cika. Sai dai kaifi biyu ne: in ka yi jinkirin biya, kai tsaye zai wuce kotun zartarwa ba tare da sabuwar shari'a ba. Dakatar da ƙarin haya na shekara biyar da aka sanar a Satumban 2025 na birnin Riyad ne, kada wani ya ce maka ya shafi Madina.