Amsa ga mai tambaya kan canjin sifikar ƙofar gaba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa Corolla ɗinka ta 2005 sifikar ƙofar direba ta fara kakari, ga shi ka ga wasu a Kasuwar Dole an rubuta wat 600 a jikin kwali, kana son sanin ko ka saya kuma ko za ka iya ɗaurawa da kanka. Na daɗe ina kwance ƙofofin motoci a nan Damagaram, bari in faɗa maka abin da na sani.

Kafin ka fitar da kuɗi, shiga saitin rediyo ka mai da sauti duka gefen hagu, sannan dama. Idan kakari take yi, ita ce. Idan kuwa tana ɗaukewa tana dawowa in ka buɗe ƙofa, duba wayar da ke cikin baƙar robar nan tsakanin ƙofa da jikin mota, nan take karyewa saboda yawan lanƙwasa.

Wat 600 ɗin nan ka manta da shi. Lambar da ke da amfani ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da sifikar ke iya ɗauka a tsaye, da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali. Rediyon mota da ake rubuta masa 4x50, wato sifika huɗu wat 50 kowace, abin da yake bayarwa a tsaye bai wuce wat 15 zuwa 22 ga kowace sifika ba. To sifika mai RMS 30 ko 40 ta ishe ka. Duba kuma lambar dB, awon tashin sauti: mai 90 ko sama da haka ta fi tashi da ƙaramin ƙarfi, wadda ke ƙasa sai da amfilifaya take nuna kanta. Om ɗinta, wato awon juriyarta ga lantarki, ya zama 4, shi ne abin da rediyon ya saba da shi.

Inda aikin yake shi ne awo, kuma nan mutane suka fi asara. Ƙofar gaban irin motarka santimita 16 da rabi take ɗauka, amma faɗi kaɗai ba ya isa. Zurfi fa? Bayan sifika akwai mayen ƙarfe, bayan mayen ƙarfen kuma gilashin taga ne ke sauka. Sabbin sifikoki da yawa mayensu ya fi na asali kauri. Na ga wanda aka ɗaura masa, sauti zam-zam, yana sauke gilashi sai ya tsaya a rabi da wata ƙara, ƙwas. Don haka cire tsohuwar tukuna, sauke gilashi har ƙasa, sa ruler daga bakin ramin zuwa gilashin, ka rage santimita guda don sarari. Da wannan awon za ka je kasuwa, in da hali ma ka riƙe tsohuwar a hannu.

Za ka tarar ta asalin haɗe take da gindinta na roba, mai kunne uku, kuma galibi da ribit aka kama ta, sai an huda kan da injin huji take fita. Sabuwar ramukanta ba za su hau ba. Akwai zoben roba da ake yi don Toyota, masu kawo kaya daga Kano sukan zo da shi. In ba ka samu ba, kafinta ya yanka maka na katako mai kauri, amma a shafe shi da fenti ciki da waje, don da damina ruwa yana bi ta cikin ƙofa, ɗanyen katako kumbura yake yi. Kada ka yarda a ɗaure ta da waya ko a bar ta kan ƙusa biyu. In iska na zirarewa ta gefe, kaurin sauti ya tafi, ko nawa ka saye ta.

Maganar zafinmu kuma. A watan Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40, cikin mota a rufe ya fi haka nesa. Abin da ke kashe sifika a nan shi ne bakinta na soso, ya bushe ya marmashe kamar tsohon burodi. Taɓa da yatsa a shago, ka zaɓi mai bakin roba, fuskarta ma ta roba, ba takarda ba. Jabu sun cika kasuwa da sunan Pioneer da Sony da JBL, don haka ka sa mai shago ya haɗa ta a rediyo ka ji, kuma ka sayi biyu. Sabuwa a hagu tsohuwa a dama ba sa daɗi. Ni na fi son wadda ƙaramar sifikar siririn sauti ke tsakiyarta, ba ta da wahalar ɗauri.

Ɗaurin kansa ba wuya. Cire kan batirin mota mai alamar ragi (-), kwance sukurorin da ke wajen mariƙi da mabuɗin ƙofa, ɓanɓare marfin ƙofar na ciki a hankali daga ƙasa. Maƙalan roban nan da ke riƙe marfin rana ta riga ta gasa su, wasu za su fashe, sayi ƙari tun kafin ka fara. Ledar da ke manne da ƙofa ka ɗaga ta kawai, ka mayar, ita ke tare ruwa da ƙurar hunturu.

Wayoyi biyu ne, kada ka juya su. Ɗauki ƙaramin batirin tocila, taɓa ƙafafun sifikar da shi na ɗan lokaci: in fuskarta ta turo waje, ƙafar da ke kan batirin mai alamar ƙari ita ce mai ƙari. Yi iri ɗaya a ƙofofin biyu, in ba haka ba ɗaya na turawa ɗaya na ja, sautin ya fito siriri. A liƙe da dalma, murɗe waya da salatif ba ya jure hanyoyinmu.

Kunna rediyo, sauke gilashi ka ɗaga shi sau biyu, kafin ka mayar da marfi. In ka cire tsohuwar, turo hotonta da awon zurfin a nan mu gani.